Guda Uku a Bayan Labule

Winnipeg,
Farkon Janairu.

Zuwa ga yayata Halya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Orest da jikokin nan naki masu hana mutum sakat. Yaya gwiwar? Kin je wurin likita, ko har yanzu kina shafa mata man nan mai wari kina cewa ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau sai sanyi, shi kuwa kin san shi, ba sai na ɓata takarda a kansa ba.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta zaunar da ni ba. An ɗaga ni daga kujerata a ƙungiyar busa ta unguwarmu. Kujerar nan ta layin gaba da nake kai da 'yar kilarinet ɗina, abar busar nan mai kama da algaita, tun gashina yana baƙi, ita nake nufi. Bayan wasan Kirsimeti, jagorarmu Lucille Beaudry ta tare ni a wurin rataye riguna, ta ce, "Verna, Stan ya koma wurin 'yarsa a bakin teku, ya tafi da babbar kilarinet ɗinsa. Layin baya ya zama kango. Ke nake so a wurin."

Na ce, "Kujerata fa?"

Ta ce, "Na ba wani. Kwanan nan busarki tana ɗan hawa sama, Verna. A baya za ki fi sakewa."

Ni! Ni da nake gyara wa rabin layin gaba sauti! Na haɗiye maganar saboda mutane na wucewa. Kuma ga sharaɗi: ƙungiya ba ta da babbar kilarinet, sai na sayi tawa kafin a fara atisayen wasan bazara a farkon Maris. In ban samu ba, akwai wani malamin makaranta a ƙetaren kogi da yake da tasa, yana jira. Ke kin sani, tun rasuwar maigidana Taras, ranar Talata da muke atisaye ce kaɗai ranar da nake sa takalmin fita da murna. In aka raba ni da ita ban san me zan yi da makon ba.

Shi ya sa na tafi shagon tsoho Thiessen mai sayar da kayan busa. Yana nan yadda kika bar shi, gilashi a kan hanci, shagon na warin mai da tsohon akwati. Ya jera mini guda uku. Ke kin saba ganinta daga nesa, amma a kusa abar dodo ce: baƙin itace tun daga bakina har ƙasa, wuya a lanƙwashe, gindin azurfa ya juyo sama, ga ƙafar ƙarfe da take tsayawa a kai. Ta farko sabuwa ce fil daga Faransa. Ta biyu ta roba ce, irin ta 'yan makaranta. Ta uku tsohuwa ce da ta fito daga ƙungiyar busa ta soja, maɓallanta duk sun koɗe.

Na nuna sabuwar. Ya ce zai ba ni aronta na mako guda, kamar yadda aka saba, amma sai da na sha wa'azi. "Madam Kostiuk, kar ki bar ta a mota ko da burodi za ki shiga saya. In kin kai gida ki sa ta a hammata ta ɗumama kafin ki hura mata iska. Kuma kaɗan-kaɗan. Sabon itace in ya sha numfashi mai ɗumi a cikin wannan sanyi, tsagewa yake."

Na ce, "Malam Thiessen, na yi renon 'ya'ya biyu ba wanda ya tsage."

Ya ce, "Su ai suna kuka kafin su tsage."

Ga ta can a falo yanzu, a kan kujerar Taras, na lulluɓe ta da bargo. Na zauna, na tashi, na leƙa ta, na dawo. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Orest da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Verna.

*

Winnipeg,
Ƙarshen Janairu.

Yaya Halya,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya kuma gwiwar ta lafa. Na samu wasiƙarki, na gode da safar, ta yi mini daidai. Sauran abin da kika rubuta kuwa ban gode ba. Wai "ko dai ba laifin kayan ba ne." Ke da ko waƙar zagayowar haihuwa ba kya iya rerawa daidai, ke za ki koya mini?

To ki ji. Na mayar da 'yar Faransa. Ƙasan muryarta akwai daɗi, ban musa ba, amma da zarar na hau sama sai in ji kamar mata biyu suna waƙa ɗaya, ɗaya ba ta koyi waƙar da kyau ba. Na canja karan da ake ɗaura mata a baki, na jiƙa wani, na kankare wani, har kwali guda ya ƙare. Shiru. Na ɗauko ta roba, ita ma haka, har ta fi. Na ɗauko tsohuwar sojan, ita ma ba ta tsira ba. Yanzu direban bas ɗin titinmu ya san ni, in ya hango ni da akwati sai ya ce, "Madam, yau ma wata gawar za a kai?"

Ranar Alhamis muka haura sama da Thiessen. Ya ɗauko na'urar auna sauti, mai allurar nan da take tsayawa a tsakiya in sauti ya yi daidai, ya ajiye ta a gabana ya ce in busa. Na busa. Allura ta tsaya ƙyam, ni kuwa ina jin abar tana karkacewa. Sai na ɗan matse leɓe na gyara ta yadda ya kamata, allurar ta gudu gefe.

Na ce, "Na'urarka ta lalace."

Ya ce, "Ita ma?"

Na ce, "Kayanka ne marasa kyau, kana so ka liƙa wa gwauruwa."

Ya cire gilashi ya goge, ya ce, "Madam Kostiuk, mai busa ba ya jin kayan busarsa. Yana bayanta, sautin kuwa gaba yake fita. Kin san wannan tun kafin in faɗa. Ki nemo kunnuwa biyu da kika yarda da su, ki nemo babban ɗaki, mu rataya labule. Haka ake zaɓe, ba da faɗa ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙona mini rai. Haka muka yi wa Stan lokacin da zai sayi tasa, ni ce ma na zauna a baya na zaɓa masa. Na yi magana da limamin cocinmu, ya ba mu aron cocin ranar Asabar ta sama bayan azahar. Inga Sigurdson, ƙawata mai busa babban ƙahon tagulla, ta ce za ta zo. Lucille ma ta ji labari ta gayyaci kanta, ban sami bakin hana ta ba.

Ba na iya zama, Yaya. Na wanke murhu, na sauke labulaye, na naɗe varenyky, 'yan ƙullin fulawar nan namu masu dankali a ciki, da za su ciyar da biki, firiji ya cika har na kai wa maƙwabta. Jiya na hango malamin makarantar nan a kantin magani, ya gaishe ni da fara'a, na ji kamar in taka masa ƙafa. Bawan Allah bai yi mini komai ba.

Ki gaida mutanen gida. Kar ki sake rubuto mini shawara sai na tambaya.

Taki,
Verna.

*

Winnipeg,
Tsakiyar Fabrairu.

Yayata Halya,

Ina gaishe ki, ina gaida Orest, da fatan kowa lafiya. Ki yafe mini rashin kunyar da na yi miki a wasiƙar baya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta ke kaɗai.

Mun yi gwajin. Thiessen ya zo da guda ukun a motarsa, ya naɗe su da barguna kamar jarirai. Muka ɗaura igiya a gaban bagade, muka rataya tsohon labulen da yara ke wasan Kirsimeti da shi. Ni da shi muna ciki, Lucille da Inga suna can bencin ƙarshe, kowacce da rigar sanyinta don liman ya ƙi kunna mana na'urar ɗumama ɗaki sosai. Dokar kin san ta: ba a faɗin wacce ake busawa, lamba kawai ake kira, kuma waƙa ɗaya za a busa da duka ukun, da baki ɗaya da kara ɗaya. Thiessen ya miƙo mini, ya ɗaga murya ya ce, "Ta ɗaya!" Na busa. "Ta biyu!" Na busa. "Ta uku!" Ina busawa ina jin kunya, don a kunnena ba wadda ta tsaya a kan hanya. Na ce a raina, to yau dai za su ji abin da nake ta faɗa, Thiessen zai sha kunya a gaban shaidu.

Na yaye labule na ce, "To, kun ji ko?"

Lucille ta ce, "Ta biyu. Sautinta ya iso nan a tsaftace."

Inga ta ce, "Kai, ta uku dai! Ta biyun nan kamar amaryar da ba ta saba da gida ba. Ta uku har a benci na ji ta."

Suka kama musu. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ce, "Ba wannan nake tambaya ba. Wacce ce ba ta karkace ba?"

Suka dubi juna. Inga ta ce, "Ke 'yar nan, wace karkacewa? Duka ukun daidai suke. Wuri ɗaya ne kawai a ta farko kika ja ta sama da kanki, kamar kina gyara abin da bai ɓaci ba."

Lucille kuwa ta tsaya tana kallona, irin kallon da ake yi wa mutumin da rigarsa ta yage a baya bai sani ba. Na ce ina da ciwon kai, na bar Thiessen da kwashe kaya, na fita ko sallama ban yi ba.

Ban jira bas ba, na kama hanya da ƙafa. Na manta hulata a coci, iska kuwa tana shigowa ta hagu kamar allura, sai na sa hannu na rufe wannan kunnen. Daidai nan ƙararrawar cocin Katolika ta kan kwana ta fara bugawa. Ƙararrawar nan da muka taso muna ji, Yaya. Na ji ta yadda na san ta, cikakkiya. Da hannuna ya gaji na sauke shi, sai ta rabu biyu. Na tsaya cak. Na rufe na dama, na bar na hagu: wata ƙararrawa ce dabam, siririya, ta hau sama. Na rufe hagu, ta dawo. Na rufe dama, ta tafi. Ina tsaye a bakin titi ina ta rufe kunne ina buɗewa kamar mahaukaciya, har wata mata ta tsayar da mota ta tambaye ni ko na ɓata hanya.

Ba kayan Thiessen ba ne. Ba na'urarsa ba ce. Lucille ma ba ƙiyayya ta sa ta ɗaga ni ba. Kunnuwana ne suka daina yarda da juna, ni kuma na hagun nake bi.

Tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Maris ta kusa, Thiessen ya bugo waya ban ɗauka ba, Talatar da ta wuce na ce mura nake. Zan iya zuwa in sayi ta biyun da Lucille ta yaba, in zauna a baya in yi shiru da bakina, wataƙila ba wanda zai gane sai an yi nisa. In kuwa na faɗa, me za ta yi da mai busar da ba ta san daidai ba, alhali ga lafiyayye a ƙetaren kogi? Na kai gaban tarho don in kira ta ya fi a ƙirga, ina juyowa. Na dai yi alkawarin ganin likitan kunne, don na san abin da za ki fara tambaya ke nan.

Ki rubuto mini. Yanzu kam na tambaya.

Ƙanwarki,
Verna.

*

Winnipeg,
Maris.

Zuwa ga Yaya Halya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan iyali. Na ji daɗi da kika ce a ƙarshe kin kai gwiwar asibiti, ashe mu biyun taurin kai ɗaya muka gada. Wasiƙarki ta zo a kan lokaci. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, sannan na sa takalmi.

Likita ya tabbatar. Ya ce na hagun ya tsufa ya riga ɗan'uwansa, kuma ba zai dawo ba. Zai ba ni abin saƙalawa don jin magana, amma game da sauti bai yi mini alkawari ba. Daga wurinsa kai tsaye na wuce shagon Thiessen, na faɗa masa komai tun kafin in cire safar hannu. Na ƙara da cewa, "Kayanka ba su da laifi. Bakina ne ya yi tsawo."

Ya ce, "Ai na san tsawonsa tun kina budurwa. Yanzu me kike so, in mayar da su cikin akwati?"

Na ce, "A'a. Ka ba ni auduga."

Ban san daga ina tunanin ya zo ba. Na dai ga tunda kunnuwan nan sun zama shaidun ƙarya, gara in kore su daga ɗakin gaba ɗaya. Na toshe duka biyun, na rufe ido, na ce ya miƙo mini ɗaya bayan ɗaya kar ya faɗa. Ta farko na busa, ba ta ce mini komai ba. Ta biyu tana da sauƙi, iska na wucewa salin-alin. Da na sa ta ƙarshen a baki na sauka can ƙasa, sai na ji ta a haƙorana na sama. Na ji ta a yatsu, a ƙirji, har a tafin ƙafa ta cikin katakon daɓe. In na riƙe sautin da kyau rawar tana tafiya sumul, in na matse leɓe sai ta shaƙe nan take. Na buɗe ido, tsohuwar sojan ce, mai koɗaɗɗun maɓallai.

Thiessen yana ta magana ina kallon bakinsa. Da na cire audugar sai na ji yana cewa, "Wannan ba ruwanta da sanyinmu, ta gama tsagewarta tun da daɗewa an ɗinke ta." Na saye ta. Ya ɗora mini 'yar ƙaramar na'ura mai allura a kai, ya ce kyauta ce, don in daina zagin tasa.

Saura Lucille. Na riga kowa zuwa ranar Talata, na same ta tana jera kujeru. Na faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba, na ce in tana son malamin makarantar ba zan riƙe ta a rai ba. Ƙarya nake, da na riƙe ta har kabari. Ta ci gaba da jera kujerunta, can ta ce, "Wanne ne mai kyan?" Na ce na dama. Ta ɗauki kujerata ta kai ta ƙarshen layi, inda duk ƙungiyar za ta kasance a hannuna na dama, Inga a gefena. Ta ce, "Ban yi miki alkawarin komai ba, Verna. Yau zan ji. In ba ta yi ba zan faɗa miki a gaban idonki."

Inga ta zauna da ƙatuwar tagullarta, ta ce, "In kin kauce zan buga miki gwiwa. In kin sake kaucewa zan taka ki, kuma kin ga takalmina."

Waƙar da za mu buɗe wasan bazara da ita tana farawa da dogon sauti guda a can ƙasa, ni da Inga kaɗai, kowa yana shiru. Lucille ta ɗaga sanda. Na hura. Yaya, a cikin kaina abin ba daɗi, sauti biyu ne suna goga juna, kuma duk jikina yana cewa gyara, gyara. Leɓena har ya fara matsewa da kansa. Na kafa ido a kan allura, tana tsakiya. Rawar tana tafiya sumul a haƙorana. Gwiwar Inga ba ta motsa ba. Na riƙe abin da kunnena ke rantsuwa kuskure ne, na riƙe shi har numfashina ya kusa ƙarewa, sauran suka shigo a kansa.

Ke ba ki taɓa zama a ƙungiya ba, bari in faɗa miki: jagora ba ya duban layin baya sai in an yi ɓarna. Har muka kai ƙarshen waƙar Lucille ba ta ɗago kai ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da aka tashi ta wuce ta gabana tana sa riga, ta ce, "Talata, kar ki makara." Shi ke nan abin da ta ce.

Kujerar tawa ce. Amma kar in ɓoye miki, na dawo gida na zauna a kicin na daɗe ban cire riga ba. Kowa a ɗakin nan ya ji waƙar yadda take, ban da ni, kuma haka zai kasance daga yanzu.

Wasan yana Asabar ta farko a watan Mayu. Na san tafiyar da nisa, na san gwiwar, amma ki zo, Yaya. Ki zauna a tsakiya, ki saurara da kyau tun daga sautin farko. Ba na so ki ce mini ya yi kyau don ki faranta mini. So nake bayan an tashi ki faɗa mini yadda ya fita, dalla-dalla, don ba ni da wata hanyar da zan ji shi.

Ki gaida Orest da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Verna.